Likita Muke So, Injiniya Muke So: To Wa Zai Karanta Mana Takardar Tanmiya?

Duk shekarar da sakamakon shahada sudaniya ya fito, tambayar gidajenmu ɗaya ce: nawa yaron ya samu, kuma makin zai kai shi kulliyar likita ko ta injiniya? In ya kai, a yi ta barka da arziki. In bai kai ba, sai a ce to ya tafi shari'a ko lissafin kuɗi, Allah ya sa albarka. Ni dai ban ga laifin iyaye a nan ba. Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana kwance inji a Mantiƙa Sinaiya, ko yana tsaye kan wutar agashe har tsakar dare, ba zai so ɗansa ya kwashe shekara biyar a jami'a ya fito da takardar da ba ta sayen buhun dawa ba. Balle yanzu da yaƙi ya cinye wa yara shekaru, har ta kai 'yan ajin 2023 ba su zauna jarrabawarsu ba sai a ƙarshen Disambar 2024.

Amma akwai wani karatu da muka daɗe muna barin wa wasu, kuma muna biyan kuɗin barinsa da gonakinmu da unguwanninmu, wani lokaci ma da rayuka. Shi ne karatun raya ƙasa, wanda a nan muke kira tanmiya. Ba ina cewa yaro ya bar likitanci ya koma can ba. Abin da nake kira gare shi shi ne ya riƙe likitancinsa ko injiniyancinsa ko aikin gonarsa da hannun dama, ya ɗauki tanmiya da hannun hagu, kuma jami'o'inmu su buɗe masa ƙofar yin hakan tun a digirin farko.

A jami'o'in Amurka wannan tsari tsohon abu ne. Ɗalibi yana da babban fanninsa, wanda shi za a rubuta a kan shahadarsa, sannan yana iya ɗaukar ƙaramin fanni a gefe, darussa biyar zuwa bakwai da yake tsinta cikin shekarun karatunsa. Idan ƙaramin fannin nan tanmiya ne, ba a sashe ɗaya yake zama ba. Zai ɗauki darasi wajen masu tattalin arziki, wani wajen masu ilimin siyasa, wani wajen masu nazarin zaman jama'a da al'adunsu, wani a lafiyar al'umma ko muhalli, ya ɗan koyi yadda ake karanta ƙididdiga. An yi shi haka da gangan, domin tambayar da wannan karatu yake yi ba ta shiga aljihun fanni ɗaya. Tambayar kuwa ita ce: idan babban aiki ya sauka a wuri, dam ne ko mashru'in noma ko sabon tsarin gari, wa ya ci ribarsa, wa ya biya kuɗinsa, wa aka tambaya kafin a fara, wa kuma aka manta da shi a lissafi?

To ai mu Hausawan Sudan ba sai an kai mu Amurka kafin mu gane nauyin wannan tambaya ba. A cikin amsarta muke zaune tun zamanin kakanni.

Ɗauki Jazira. A 1925 Turawan Ingila suka gama madatsar Sinnar, suka ja ruwan Shuɗin Nilu cikin magudanai, don a noma audugar da masaƙun ƙasarsu ke buƙata. Da aka ƙara faɗin Managil bayan samun 'yancin kai, mashru'in ya kai faddan miliyan 2 da 'yan kai, ya zama cikin manyan ayyukan noman rani a duniya da ke ƙarƙashin hukuma ɗaya. A idon injiniya abin burgewa ne: ƙasa ta ɗan karkata daga kudu zuwa arewa, ruwa yana tafiya da kansa ba sai an tura shi da inji ba. A idon mai lissafi ma tsarin a fili yake, an raba kuɗin auduga gida uku, mai hawasha yana ɗaukar kashi 40 cikin ɗari, sauran a raba tsakanin gwamnati da kamfanin Turawa, wanda hukumar Jazira ta gaje shi a 1950. Arthur Gaitskell, wanda ya shugabanci aikin, ya rubuta littafi a 1959 yana ba da labarinsa a matsayin misalin ci gaba.

Sai dai akwai gida na huɗu wanda ba ya cikin rabon. Wa ke cirar audugar? Wa ke yashe magudanai da noman ciyawa? Mai hawasha da iyalansa ba su isa ba. Aka dogara da hannun mutanen Yamma, daga Darfur da Chadi, da kuma kakanninmu da suka fito daga Kano da Sakkwato da Katsina da Barno da niyyar Makka, suka tsaya neman guzuri. A shekarun 1930, da farashin auduga ya faɗi wasu masu hawasha suka gudu suka bar gonaki, an miƙa wa wasu daga cikin mutanenmu hawashar, suka riƙe ta a lokacin da ba mai so. Da harka ta gyaru, sai ƙofar ta soma rufewa, aka koma tambayar wane ne ɗan ƙasa. Mafi yawa suka ci gaba da zama a kanabi, ƙauyukan leburori da ke gefen magudanai, waɗanda ba a zana su cikin taswirar mashru'in ba. Abin da ba ya cikin taswira kuwa ba a yi masa kasafin makaranta, ba a ja masa famfo. Yau shekara ɗari ke nan da buɗe madatsar Sinnar, har yanzu maganar ba wa mutanen kanabi filin zama na halal ba ta ƙare ba. A 1977 wani masanin zaman jama'a, Tony Barnett, ya fitar da nasa littafin a kan Jazira, ya nuna cewa abin da ake kira ci gaba ɗin ya bar manomin kansa cikin bashi da dogaro da kasuwar waje. Gona ɗaya, littafi biyu, hukunci biyu. Bambancin shi ne inda kowannensu ya tsaya ya duba.

Ga kuma ɓangaren likita. Ruwan da ke kwance a ƙananan magudanai shi ne gidan sauro da katantanwar da ke ɗauke da tsargiya. Da aka sauya tsarin noman a shekarun 1970 aka ƙara alkama da gyaɗa, ruwa ya daina yankewa a magudanai kamar da, cuta ta samu wurin zama shekara cur. Sai da aka kafa wani shiri na musamman na lafiya a yankin Shuɗin Nilu a 1979, tare da Hukumar Lafiya ta Duniya, aka shafe kimanin shekara goma ana fama. Wa ya fi kamuwa? Wanda gidansa ke bakin magudana, wanda daga ita yake sha, a cikinta yake wanka. Likitan da bai san wannan labari ba zai ba yaron kombo maganin tsargiya yau, bayan wata shida ya sake ganinsa, ya yi tsaki ya ce mutanen nan ba sa jin magana.

Yanzu a koma kan doka, don a nan ne rashin karatun ya fi yi mana illa. Dokar jinsiya ta 1957 ta ce ɗan ƙasa na asali shi ne wanda shi ko iyayensa maza suke zaune a Sudan tun 31 ga Disamba 1897. Duba wannan rana da kyau. An yi yaƙin Burmi a 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada, bayan nan ne ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya jagoranci jama'a suka yo gabas har suka kafa garin Maiwurno kusa da Sinnar. Ke nan layi ɗaya a cikin doka ya bar wannan babbar hijira gaba ɗaya a waje. Daga baya an sassauta, dokar 1994 ta mayar da ranar zuwa 1 ga Janairu 1956, amma duk wanda ya raka tsoho neman jinsiya ya san cewa abin da ke rubuce daban, abin da ake tambaya a taga daban. Sannan a 1970 gwamnatin Numairi ta yi dokar da ta ce duk ƙasar da ba a yi wa rajista ba ta gwamnati ce. An soke dokar a 1984, amma ruhinta ya zauna a cikin dokar da ta maye gurbinta. Da irin wannan iko aka yanka manyan gonakin inji a Gadarif da Shuɗin Nilu da Kordofan ta Kudu aka ba 'yan kasuwa da manyan ma'aikata, ƙarƙashin hukumar noman inji da aka kafa a 1968 da tallafin Bankin Duniya. Ƙaramin manomi da makiyayi, kowace ƙabila ce, suka matsu a ɗan abin da ya rage.

Duk wannan da sunan tanmiya aka yi shi. Kuma wanda bai san shi ba, ba zai taɓa fahimtar abin da ya same mu a 2022 ba.

Kowa ya tuna Yulin wannan shekara: Rusairis, Ganis, Damazin, gawarwaki fiye da ɗari cikin 'yan kwanaki, dubban mutane a makarantu da kan hanyar Sinnar, da zanga-zangar da jama'armu suka yi a Khartum da Kasala da Gadarif da Bur Sudan. A Oktoba wutar ta sake tashi a Wad al-Mahi, ta ci rayuka wajen ɗari biyu. Kafafen labarai suka ce rikicin ƙabilanci ne, sun yi gaba. Gaskiya ne cewa maganar neman imara ga Hausawa da ƙin da aka yi ita ce ta kunna ashana, kuma 'yan siyasa sun zuba fetur. Amma dubi sunan wuraren da aka yi ta ambata a Wad al-Mahi: Madina 6, Madina 7, garuruwa masu lamba maimakon suna. Daga ina suka fito? Daga ɗaga madatsar Rusairis ne. An gina ta a 1966, aka ƙara mata tsawon mita 10 aka buɗe a farkon 2013, tafkin ya faɗaɗa ya haɗiye ƙauyuka da gonakin bakin ruwa, aka kwashe dubban iyalai aka zuba su a sababbin garuruwan da aka gina. An haɗa mutanen da a da kowa ke da bakin ruwansa da dajinsa, an ba su gidaje a jere, amma tambayar wa ke da ikon wace gona, wa zai raba ta, wane shehu ne zai yi shari'a idan an saɓa, an bar ta a buɗe. Ba na cewa dam ne ya kashe mutane. Masu makami ne suka kashe su, kuma alhakin yana wuyansu. Ina cewa ne maƙwabtanmu Barta da Hamaj da sauran mutanen Funj su ma an taɓa ƙasarsu, sun ga gonakin inji da ruwan tafki sun cinye ta, kuma mutumin da aka matse yakan huce a kan wanda ya fi kusa da hannunsa, ba a kan wanda ya zana taswira a ofis ba.

Wannan ciwo ba na Sudan kaɗai ba ne. A ƙasar kakanninmu ma, lokacin da aka gina madatsar Bakalori a kan gulbin Sakkwato kusa da Talatar Mafara, manoma sun rasa gonaki, diyya ta yi ta jan ƙafa, suka tare hanyoyin aikin, a Afrilun 1980 aka turo 'yan sanda aka buɗe musu wuta. Can kuwa ba maganar jinsiya, ba maganar baƙo, Hausawa ne a ƙasarsu.

Abin da ke ba ni takaici shi ne, Sudan ba baƙuwar wannan ilimi ba ce ko kaɗan. Tun 1976 Jami'ar Khartum ta kafa cibiyar nazari da binciken tanmiya, wadda daga baya ta zama ma'ahadi mai ba da babbar difiloma da digiri na biyu da na uku. Jami'ar Jazira da aka kafa a Wad Madani a 1975 tana da kulliyar tattalin arziki da raya karkara, kuma kulliyar likitancinta ta yi suna wajen tura ɗalibai ƙauyuka su zauna su binciki matsalar wurin tare da mutanensa. A nan Umdurman, Jami'ar Ahfad ta mata, wadda asalinta ke komawa ga makarantar 'yan mata da Babikir Badri ya buɗe a Rufa'a a 1907, ta daɗe da wajabta wa ɗalibanta darasin wayar da kan karkara da fita ƙauye, ko mai karatun likita ce ko mai karatun kasuwanci. Wannan na Ahfad shi ne mafi kusa da abin da nake nufi. Ba a ce wa yarinya ta bar fanninta ba, an dai ce ba za ta fita ba sai ta ga yadda mutanen da za ta yi wa aiki suke rayuwa.

Matsalar ita ce, ban da irin waɗannan, mafi yawan karatun tanmiya mai zurfi an ajiye shi ne a saman bene, bayan digirin farko. Su wa ke hawa can? Ma'aikacin ma'aikatar kuɗi da aka ba hutun karatu, da ma'aikacin munazzama mai albashin dala. Yaron Mayo ko Ingaz ko Umbadda da ya samu ya kammala digirin farko da kuɗin shayin mahaifiyarsa, washegari gida ke jiransa ya fara kawo cefane. Ba zai koma wata shekara biyu ba. Idan ba a ba shi wannan ilimi a cikin shekarun da yake jami'a ba, to ba zai same shi ba har abada. Shi ya sa maganar ƙaramin fanni ta fi muhimmanci gare mu fiye da 'ya'yan Riyad da Amarat.

Har ma binciken da aka yi a kanmu, mu ba mu cika karanta shi ba. Mark Duffield, Baturen Ingila, ya zauna a Maiwurno ya rubuta littafi a kan tattalin arzikin garin a 1981, daga baya ya zama wakilin Oxfam a Sudan. C. Bawa Yamba ya rubuta nasa a 1995 a kan Hausawan Jazira da ke kiran kansu alhazai a hanya ko da an haifi kakansu a nan. Farfesa Al-Amin Abu Manga na ma'ahadin nazarin Afirka da Asiya a Jami'ar Khartum, ɗan Maiwurno, ya yi aiki mai yawa a kan harshenmu da tarihin zamanmu. Ɗalibanmu nawa ne suka taɓa buɗe ɗaya daga cikinsu? Wanda ke karatun haɗa magunguna ba shi da dalilin shiga wancan ɗakin karatu, sai in tsarin jami'a ne ya ba shi dalili.

Na san abin da wasu za su ce, kuma maganarsu tana da ƙamshin gaskiya. Za su ce wannan ai karatun neman aikin munazzamat ne, na masu farar mota da taron otal, kuma ga shi kasuwar ta mutu. Haka ne, ta yi rauni ƙwarai. A Janairun 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin waje, kafin tsakiyar shekara ta rufe hukumar USAID ɗungurungum, ƙasashen Turai da dama su ma suka rage nasu. Duk wanda ya sa ɗansa karatun tanmiya zalla da fatan albashin dala, ya yi shuka a kan dutse. To ai wannan ne ma dalilin da ya sa nake cewa ƙarami, ba babba ba. Sana'ar hannu tana nan, ita za ta ciyar da gida. Ƙaramin fannin ba don neman aiki ba ne, don injiniyan da aka tura auna unguwa ya san abin da zai tambaya kafin ya kafa turaku.

Wasu kuma za su ce ilimin Turawa ne, su suka ƙirƙiro kalmar ƙasashe masu tasowa, su suka ba mu bashi, su kuma suke koya mana dalilin talaucinmu. A nan ma akwai gaskiya. Amma rabin wannan fanni, in an koyar da shi yadda ya kamata, sukar ita kanta tanmiyar ce. A cikinsa ne ɗalibi zai karanta yadda aka yi mafarkin mayar da Sudan rumbun abincin Larabawa a shekarun 1970, aka ciyo bashi, aka ƙare da yunwar 1984 da 1985. A cikinsa zai haɗu da Amartya Sen, ɗan Indiya, wanda ya nuna a 1981 cewa ana iya mutuwa da yunwa alhali kasuwa cike take da hatsi, idan abin da ke hannun talaka ya daina sayen abinci. Duk wanda ya zauna a Khartum a wannan yaƙi ya ga haka da idonsa, kaya a shago, aljihu wayam, intanet a yanke ba damar karɓar kuɗi ta Bankak. Zai karanta labarin madatsar Marawi da aka buɗe a 2009 da yadda ta tashi Manasir da mutanen Amri da Hamdab. Wanda ya san waɗannan ba ya zama yaron Bature. Shi ne ma wanda ba a iya rufe masa baki da manyan kalmomi a wajen taro.

Kuma wa ya ce sai daga littafin waje za a koya? Tun da yaƙi ya ɓarke a 15 ga Afrilu 2023, lokacin da manyan hukumomi suka kwashe ma'aikatansu zuwa Bur Sudan da Nairobi, su wa suka ciyar da Khartum da Bahri da Umdurman? Matasan ɗakunan agajin gaggawa ne, da takaya na masallatai da zawiyoyi da unguwanni, da tukwanen ful da adas. Tushen abin shi ne nafir, wanda mu a Hausa muke kira gayya. Sun tsara kuɗi daga 'yan'uwa na waje, sun riƙe lissafi, sun kwashe marasa lafiya, da yawansu sun rasa rayukansu a kai. A 2025 an ba su kyaututtukan girmamawa na duniya a Norway da Sweden. Amma kuma da tallafin Amurka ya tsaya, rahotanni sun ce kusan kashi 80 cikin ɗari na waɗannan wuraren dafa abinci sun rufe na wani lokaci. Ga darasi sukutum a nan: ta yaya aikin da ya tsiro daga gayya ya wayi gari numfashinsa yana hannun Washintan? Me zakka da waƙafi da kuɗin 'yan ƙasa mazauna waje za su iya ɗauka, me ba za su iya ba? Yaranmu da suka yi wannan hidima sun riga sun yi rabin karatun a aikace. Abin da ya rage shi ne a ba su allo da malami su ɗora shi a kan tsari.

Uzurin da ya fi ƙarfi shi ne na jami'o'in kansu. An fasa ɗakunan gwaji, an wawashe ɗakunan karatu, malamai sun watse Masar da Saudiyya da Uganda, ana karatu ta waya. Wa ke da sukunin sabon tsari? Amsata ita ce wannan tsari ba ya buƙatar sabon gini ko inji ko da guda. Darussan suna nan, malaman suna nan a kulliyoyinsu. Abin da ake buƙata shi ne majalisar jami'a ta yarda ɗalibin injiniya ya ɗauki darasi a kulliyar tattalin arziki a lissafa masa, a gyara jadawali, a rubuta masa a shahada. Karatu ta intanet da yaƙi ya tilasta ma ya sauƙaƙa abin, tun da ba sai ɗalibi ya tsallaka gada daga wannan harabar zuwa waccan ba. Darasi shida sun wadatar in an zaɓa da kyau, kuma ni da za a tambaye ni, ba zan yarda a bar dokar ƙasa da mallakar fili a waje ba, haka ma yadda ake karanta kasafi da ƙididdiga. Na ƙarshensu ya zama aikin fili, a unguwar da ɗalibi ya fito ko a wani kombo, ya rubuto abin da ya gani da lambobi.

Abin da ya sa maganar ba ta jira shi ne, tun da sojoji suka karɓe Khartum a Maris 2025, kalmar da ke bakin kowa ita ce sake gini. Za a gyara gadar Shambat da ta karye, za a gyara wuta da ruwa, kuma mun ga yadda suke a ɗaure da juna a watan Mayun 2025, lokacin da aka kai wa tashoshin lantarki hari, famfuna suka tsaya, mutane suka koma shan ruwan kogi, kwalara ta barke a Umdurman. Amma sake gini ba siminti kaɗai ba ne. Za a sake buɗe maganar unguwannin da ake kira na ba-bisa-ƙa'ida ba, da maganar wa ke da takardar fili, da maganar wane ne baƙo. Mun taɓa ganin irin wannan. A shekarun 1990, zamanin da Sharafuddin Bannaga ke riƙe da tsarin gari da gidaje a jihar Khartum, an rushe unguwanni da dama an kai mutanensu bayan gari, a wannan zamani ne kuma aka tashi Ishash Fallata. Wasu sun samu fili da takarda, abin da ba su taɓa samu ba, wannan gaskiya ne kuma alheri ne. Wasu kuma sun wayi gari nesa da kasuwa da garejin da suke ci daga gare su, kuɗin mota yana cinye rabin abin da suka samo. Wanda ya zana taswirar ya auna faɗin titi daidai. Nisan da ke tsakanin gadon mai wankin mota da inda motocin suke, shi ne ba a auna ba.

Irin wannan taswira za a sake zanawa, wataƙila ma an fara. Za a kafa kwamitoci, za a kira wakilan unguwanni a shimfiɗa musu takarda mai shafi tamanin, a ba su rabin awa. A irin wannan zama dattijo mai rawani yana da daraja, amma ba shi zai gano cewa a shafi na sittin an rubuta diyya ga mai takardar mallaka kaɗai ba, alhali rabin unguwar haya suke ko gadon baki ne. Wanda zai gano shi ne matashin da ya saba karanta irin wannan rubutu, wanda ya san abin da aka yi a Rusairis da Marawi, wanda zai iya cewa ga adadin gidajenmu, mu muka ƙirga, ga masu takarda ga marasa ita.

Ƙungiyoyinmu na Hausawa da ke tara kuɗin karatun yara ba sai sun jira majalisar wata jami'a ba. Cikin kowane ɗalibi goma da ake tallafa wa, a ware biyu a biya musu gajerun kwasa-kwasan tanmiya a lokacin hutu, da sharaɗin kowannensu zai kawo rubutaccen bincike a kan unguwarsa: gida nawa, famfo nawa ke aiki, yara nawa ne ba su da lambar ƙasa, gareji nawa ne suka sake buɗewa a Mantiƙa Sinaiya, nawa ne masu su ba su dawo ba. A ajiye kwafi a masallacin unguwa, kwafi wajen shehu, kwafi a waya.